Feminizim da Ikkilisiya: Sai Bango Ya Tsage Ƙadangare Ke Samun Wurin Shiga



Akwai wata kalma da ta shigo wa'azinmu a 'yan shekarun nan, ana ambatonta kamar yadda ake ambaton annoba. Kalmar ita ce feminizim. In aure ya mutu, a ce feminizim ne. In yarinya ta ce sai ta gama jami'a kafin ta yi aure, a ce feminizim ya kama ta. In mace ta tashi a taron ikkilisiya ta tambayi ma'aji inda kuɗin bikin godiya suka shiga, a ce wannan ai 'yar feminis ce. Amma tare mai wa'azin a ƙofar majami'a ka tambaye shi ma'anar kalmar, da inda ta fito, da abin da masu ita suke nema, sai ya kama inda-inda. Wannan abin kunya ne ga mutanen da aka hana su yin shaidar zur a kan maƙwabci.

Ga matsayina tun da fari, don kada wani ya ce na yi ta kewaye-kewaye. Mafi yawan abin da wannan fafutuka ta nema adalci ne wanda Littafi Mai Tsarki ya riga ya umarta. Akwai kuma sashenta wanda mai bi ba zai karɓa ba, zan faɗe shi a fili. Amma ikkilisiyar da take kallo ana kwashe kayan gwauruwa, ana dukan mace har lahira, ba ta da bakin la'antar waɗanda suka tashi suna kuka a kan haka.

MENE NE FEMINIZIM?

A taƙaice, feminizim shi ne ra'ayin cewa mace cikakkiyar mutum ce kamar namiji, don haka bai kamata a tauye ta a gaban doka, ko a makaranta, ko wurin aiki, ko wajen mallakar dukiya, don kawai an haife ta mace ba. Shi ne kuma gwagwarmayar da ake yi don a mai da wannan ra'ayi ya zama doka da al'ada. Masu shi ba bakinsu ɗaya ba. Gida ne mai ɗakuna da yawa, mazaunansa ma suna faɗa da juna.

Babban taro na farko a kan haƙƙin mata a Amurka an yi shi a garin Seneca Falls a watan Yuli 1848, a cikin majami'ar Wesleyan. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kira taron, Lucretia Mott, mai wa'azi ce ta ɗariƙar Kwaka, ita da Elizabeth Cady Stanton kuma suna cikin masu yaƙi da cinikin bayi. Abin da suka nema shi ne mace ta iya mallakar abin da ta samu da guminta, ta yi karatu mai zurfi, ta kuma jefa ƙuri'a. A Ingila, sai da dokokin 1870 da 1882 matar aure ta sami ikon riƙe dukiyarta, kafin nan abin hannunta na mijinta ne. Ƙasar New Zealand ce ta fara ba mata ƙuri'a a 1893, jagorar wannan aiki kuwa, Kate Sheppard, ta fito ne daga ƙungiyar mata Kirista masu yaƙi da shan barasa, gama sun ga yadda giya take cinye albashin maza tana jawo wa mata duka. Amurka ta bi baya a 1920, Ingila ta daidaita ƙuri'ar mata da ta maza a 1928.

Daga baya wani sabon salo ya taso. Simone de Beauvoir a Faransa a 1949, da Betty Friedan a Amurka a 1963, suka juya maganar zuwa cikin gida: aikin gida, haihuwa, da matsayin matar aure. Daga nan aka sami dokokin biyan albashi daidai, da hukunta fyaɗe da cin zarafi a wurin aiki. Daga nan kuma waɗansu suka zarce, suka ce aure kurkuku ne, zubar da ciki 'yanci ne. A 1990 Judith Butler ta kawo koyarwar cewa zama namiji ko mace abu ne da al'umma take ɗora wa mutum yana maimaitawa. To, duk waɗannan ana kiransu da suna ɗaya. Wanda ya haɗa Kate Sheppard da Judith Butler a buhu guda ya ɗaure ya jefa a wuta, bai yi karatu ba, bai kuma yi adalci ba.

BA KAYAN TURAWA KAƊAI BA NE

Dattawa sukan ce wannan baƙon abu ne, Turawa suka kawo don su lalata gidajenmu. Tarihin ƙasarmu bai yarda da wannan magana ba. A 1929 dubban matan ƙasar Ibo da Ibibiyo suka tashi a kan haraji da zaluncin sarakunan da Turawa suka naɗa, sojoji suka harbe fiye da 50 daga cikinsu. Da Turawan mulki suka yi faɗa, ba Turawa suka aiko su ba. A Abeokuta, Funmilayo Ransome-Kuti, matar limamin Angilikan, ta jagoranci matan kasuwa a kan harajin da aka ɗora wa mata, har Alake ya sauka daga gadon sarauta na wani lokaci a 1949. A nan Arewa, Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU ta sha ɗauri da duka sau da dama domin ta ce mata su yi karatu, a daina aurar da ƙananan yara, a kuma ba mata ƙuri'a. Matan Kudu sun yi zaɓen tarayya na 1959, amma matan Arewa, Musulmi da Kirista duka, sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 da babban zaɓe na 1979 suka sami wannan dama. Uwata da uwarka, dattijo, sun girma a ƙasar da ba ta lissafa muryarsu. Yau duk ɗan takarar da ya zo neman goyon bayanmu, wurin Zumuntar Mata yake fara russunawa. Wace ce ta saya musu wannan daraja da jikinta?

Matan Afirka masu ilimi kuma ba su haɗiye abin Turai ɗanye ba. Catherine Acholonu ta rubuta a 1995 cewa zama uwa shi ne tushen ƙarfin macen Afirka. Obioma Nnaemeka ta koyar da cewa hanyar macen Afirka ita ce sulhu da daidaitawa tare da maza. Mercy Amba Oduyoye, 'yar Metodis daga Gana, ta kafa ƙungiyar mata masana tauhidi na Afirka a Akara a 1989, suna bincike daga cikin ikkilisiya. Waɗannan mata ba su ƙi aure ba, ba su ƙi haihuwa ba.

ABIN DA YA CIM MA

Ana gane itace ta wurin 'ya'yansa, to bari mu ƙirga. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta sa shekara 18 a matsayin shekarun aure. Sa'ad da aka ɗauke mana yarinya 'yar shekara 14 aka ce ta canza addini ta yi aure ba da sanin iyayenta ba, wace doka muke ɗauka mu ruga kotu da ita? Wannan ce. Ƙungiyoyin mata, irin su FIDA ta lauyoyi mata, suna cikin waɗanda suka yi ta matsa lamba har aka sami irin waɗannan dokoki.

A watan Mayu 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane, wadda ake kira VAPP, bayan ta shafe fiye da shekara 10 tana kai da kawowa a majalisa. Dokar ta haramta kaciyar mata, da korar mace ko miji daga gida da ƙarfi, da al'adun wulaƙanta gwauruwa. Mai dukan abokin aurensa yana iya shan ɗauri har shekara 3. Da farko a Abuja kaɗai take aiki, amma kusan dukan jihohi sun yi irin tata daga baya. Ku tuna cewa dokar Penal Code da Arewa ta fara aiki da ita a 1960 ta ƙunshi sashe na 55, wanda ya ce ba laifi ba ne miji ya hori matarsa muddin bai yi mata mummunan rauni ba, in al'adarsu ta yarda da haka. Ba majalisar dattawan wata ikkilisiya ce ta fara ɗaga murya a kan wannan sashe ba.

A 2014 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Ukeje cewa al'adar da take hana 'ya mace gādon mahaifinta ta saɓa wa sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999, don haka ba ta da ƙarfi. A wannan shekarar, a shari'ar Anekwe da Nweke, kotun ta yi tir da al'adar korar gwauruwa daga gidan mijinta don ba ta haifi ɗa namiji ba. 'Yan'uwa, ku lura da wannan sashe na 42. Shi ne wanda ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila, ko asali, ko addini, ko kuwa jinsi. Shi muke karantawa da babbar murya sa'ad da aka hana mu filin gina majami'a, ko aka hana 'ya'yanmu gurbin karatu da aiki. Layi ɗaya ne ya ambaci addini ya kuma ambaci jinsi. Ba ma iya riƙe rabinsa a gaban gwamna mu yar da rabi a gaban 'ya'yanmu mata. Mu da muka san ɗacin a ce maka zauna can baya don yadda aka haife ka, ya kamata mu fi kowa saurin ganewa.

A ƙasar Laberiya, Leymah Gbowee, 'yar ikkilisiyar Lutaran, ta tara mata Kirista da Musulmi a 2003, sanye da fararen kaya, suna addu'a da zaman dirshan, har suka bi shugabannin yaƙi zuwa Akara suka tare ƙofar zauren taro sai an yi sulhu. Ta karɓi lambar Nobel a 2011. A nan gida, bayan an sace 'yan mata 276 a Chibok ranar 14 ga Afrilu 2014, yawancinsu 'ya'yan masu bi, mata ne irin su Oby Ezekwesili da Hadiza Bala Usman da Aisha Yesufu suka yi ta zama a dandalin Abuja cikin rana da ruwa don kada duniya ta manta. Biyu daga cikin ukun nan Musulmi ne. Domin 'ya'yanmu suka sha zagi.

ME LITTAFI YA CE?

Wani zai ce ai mu ba tarihi muke bi ba, Maganar Allah muke bi. Madalla. Mu buɗe ta. Farawa sura 1 ta nuna namiji da mace duka cikin kamannin Allah aka yi su, su biyu kuma aka danƙa wa duniya. Mulkin danniya na miji a kan mata ya bayyana ne a sura 3, cikin jerin abin da zunubi ya jawo, tare da ƙaya da sarƙaƙiya da zufar goshi. Ba wanda ya taɓa cewa zunubi ne manomi ya sa maganin ciyawa a gonarsa. Me ya sa sakamakon faɗuwa guda ɗaya kawai muke karewa kamar umarni?

A Littafin Ƙidaya sura 27, 'ya'ya mata biyar na Zelofehad sun tsaya a gaban Musa da firist da shugabanni da dukan taron jama'a, suka nemi gādon mahaifinsu wanda ya mutu ba ɗa namiji. Musa bai ce musu marasa kunya ba. Ya kai maganar gaban Ubangiji, Ubangiji ya ba su gaskiya, aka kuma mai da abin doka a Isra'ila. Da a wata majami'armu suka yi wannan, da an sa su ƙarƙashin horo. Ayuba ya ba 'ya'yansa mata gādo tare da 'yan'uwansu maza. Debora ta yi shari'ar Isra'ila. Sa'ad da aka tsinci littafin Shari'a a zamanin sarki Yosiya, wurin annabiya Hulda aka aika babban firist ya tambayo. Macen kirki ta Karin Magana 31 tana sayen gona da kuɗinta tana kuma ciniki. Mata ne suka fara shaida tashin Ubangiji, a zamanin da ba a ɗaukar shaidar mace da nauyi. Bilkisu da mijinta Akila suka ƙara wa Afolos haske a kan hanyar Allah. A Ayyukan Manzanni sura 6, gunaguni ya tashi don ana manta waɗansu gwauraye wajen rabon abinci, manzanni kuwa ba su ce a yi shiru don kare sunan ikkilisiya ba, sai suka sa aka zaɓi mutum bakwai su gyara lamarin.

Na san Afisawa 5, na san 1 Timoti 2. Ban share su ba, ba na kuma neman a share. Na gaskata miji yana da nawayar shugabanci a gidansa. Amma surar da ta ce mace ta yi biyayya, ita ce ta auna shugabancin miji da Almasihu wanda ya ba da ransa saboda ikkilisiya. A ranar ɗaurin aure mukan yi minti 40 a kan ayoyin amarya, minti 5 a kan na ango, alhali ayoyin ango sun fi yawa. Bitrus ya gargaɗi maza cewa rashin girmama mata yana toshe addu'a. Maganar naɗa mata fastoci kuwa, ɗariƙu sun bambanta a kanta, kowace tana da hujjarta, ba ita nake yi a nan ba. Ko mai cewa a naɗa ko mai cewa kada a naɗa, ba wanda ya sami aya da ta ba shi izinin mari.

INDA BANGONMU YA TSAGE

Na fari, duka. Osinachi Nwachukwu, mawaƙiyar bishara da dukan ƙasar nan ta san muryarta, ta rasu a Abuja a watan Afrilu 2022. 'Yan'uwanta da makusantanta sun ba da shaidar azabar da ta sha a gidan aure, a watan Afrilu 2025 kuma Babbar Kotun Abuja ta sami mijinta da laifi ta yanke masa hukuncin kisa. Ita sananniya ce, shi ya sa muka ji. Mata nawa ne suke zuwa sujada da kumburarren ido a ƙarƙashin ɗankwali, su kai kuka wurin dattawa, a ce musu su koma su yi haƙuri su ƙara addu'a? Haƙuri kyakkyawan hali ne, amma wanda ya mai da mace hannun mai neman ranta da sunan haƙuri, yana da rabo a cikin jininta.

Na biyu, gwauraye. A garuruwanmu da hare-hare suka cinye, gwauraye sun yi yawa ƙwarai. Kafin ƙasar kabari ta bushe, 'yan'uwan miji sun zo sun ɗauki babur, da takardar fili, da buhunan hatsi, wani lokaci har da katifa. Waɗansu daga cikin masu kwasar nan suna zama a kujerar dattawa ranar Lahadi, suna kuma raba Jibin Ubangiji. Yakubu ya auna sahihancin addini da kula da marayu da gwauraye. Da wannan ma'auni, ina muka tsaya?

Na uku, horo mai ido ɗaya. Yarinya ta yi ciki, a kira sunanta a gaban jama'a, a mai da ita bencin baya wata shida. Wanda ya yi cikin yana nan yana kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙa, ko kuwa an tura shi birni sai ƙura ta lafa. Malaman Attaura ma da suka kawo mace gaban Yesu a Yahaya sura 8, ita kaɗai suka kawo. Mun san yadda Ubangiji ya yi da su.

Na huɗu, makaranta da asibiti. In kuɗi ya gaza, 'ya mace ake fara cirewa daga makaranta a tura ta aikatau a birni, inda ba mai tsaron mutuncinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mata kimanin 75,000 suka mutu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duniya duka. Waɗansunsu sun mutu suna jiran miji ya dawo ya ba da izinin zuwa asibiti.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. 'Yarka da take karanta maganganun 'yan feminis a wayarta, ba a intanet ta fara koyon cewa ana zaluntar mata ba. A tsakar gida ta gani. In ta kawo tambaya majami'a aka kore ta da tsawa, za ta kai wa wanda zai saurare ta, shi kuwa zai ba ta amsa haɗe da abin da ba mu so.

INDA MUKA RABU, DA INDA ƘARFINSA YA ƘARE

Yanzu ga 'ya'yanmu mata masu ilimi, ku ma ku ji. Ba duk abin da aka liƙa wa sunan 'yanci ne 'yanci ba. Koyarwar da take cewa ɗan da ke ciki ba shi da haƙƙin rai, ba za mu karɓa ba, gama hujjar da ta sa muka ce mace mutum ce mai daraja, ita ce ta sa muka ce jaririn ma haka. Koyarwar da take cewa halittar namiji da mace ƙirƙirar al'umma ce kawai, ta saɓa wa Farawa. Koyarwar da take raina uwa mai renon 'ya'ya, tana auna darajar mace da albashi kaɗai, ta ɗauki ma'aunin kasuwa ta sa a wurin ma'aunin Allah. Wadda kuma take mai da kowane namiji abokin gāba, za ta bar mace da ɗaci, ba za ta ba ta salama ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ko a fagen da ya fi ƙwarewa, feminizim yana da iyaka. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana nuna wa mata bambanci tun 1985, da yarjejeniyar Maputo a 2004. Duk da haka Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudurin daidaita dama tsakanin maza da mata a watan Maris 2016, a watan Maris 2022 kuma Majalisar Tarayya ta kayar da ƙudurori biyar da suka shafi mata, har mata suka yi kwanaki suna zanga-zanga a ƙofarta. Bayan zaɓen 2023 da shari'o'in da suka biyo baya, mata 4 ne suka zauna cikin sanatoci 109. Hukuncin Kotun Ƙoli na 2014 yana nan a rubuce, amma gwauruwar ƙauye ba ta taɓa jin labarinsa ba, ba ta da kuɗin mota zuwa kotu balle na lauya. Taron bita a otal-otal na Abuja ba ya kai wa ga matar da take sansanin 'yan gudun hijira.

Doka tana iya ɗaure hannun mai duka, ba ta iya sāke zuciyarsa. Tana iya ba mace gona, ba ta iya sa ƙanin miji ya ƙaunace ta. Wannan aikin bishara ne, aikin Ruhu Mai Tsarki. Ga shi kuma ikkilisiya tana da abin da babu wata ƙungiya mai zaman kanta da take da shi: tana cikin kowane ƙauye, tana ganin mutane kowane mako, ita take ɗaura aure, ita take binne matattu, maganar fasto da dattawa kuma tana da nauyi a wurin rabon gādo. Abin da 'yan fafutuka suke nema shekara da shekaru ta hanyar majalisa, majalisar dattawa guda tana iya tabbatar da shi a garinta cikin zama ɗaya.

ABIN DA NAKE KIRA A YI

Na ɗaya, kowace majalisar ikkilisiya ta rubuta a littafinta cewa dukan mace zunubi ne da ake yi wa horo, ko wane ne mai yin. In rai yana cikin haɗari, a fitar da matar da 'ya'yanta zuwa wuri mai tsaro tukuna, a kai ta asibiti, kada kuma a hana ta kai ƙara. Sulhu yana zuwa bayan tuba ta gaskiya, gawa kuwa ba a sulhunta ta da kowa.

Na biyu, in mai bi ya rasu, dattawa biyu da shugabar Zumuntar Mata su je gidan tun ranar farko, a rubuta abin da ya bari a gaban dangi. Duk ɗan ikkilisiyar da ya taɓa kayan marayu, a dakatar da shi daga Jibi da kowane muƙami sai ya mayar.

Na uku, maza, ku rubuta wasiyya. Wasiyya ba ta kiran mutuwa. A rubuta, a sa hannu a gaban shaidu biyu waɗanda ba sa cikin masu cin gādon, a ajiye a rajistar babbar kotu. Ku sa sunan matanku a takardun fili da na banki da na fansho, ku kuma adana takardar aure. Akwai lauyoyi a cikinmu, su ba da Asabar ɗaya a shekara su taimaki 'yan'uwa kyauta.

Na huɗu, horo ya zama da ido biyu. In ba a kawo namijin ba, kada a tsai da yarinyar ita kaɗai a gaban jama'a. In kuwa ƙaramar yarinya ce, ko tilasta ta aka yi, wannan ba maganar bencin baya ba ce, maganar 'yan sanda ce, ko da ɗan wane ne.

Na biyar, a ware wani kaso daga baiko don kuɗin makarantar 'ya'ya mata marayu da na gwauraye, a kuma riƙa karanta rahotonsa a fili. Mata ne suka fi cika bencinan majami'unmu, su suke share ta, su suke dafa abincin taro, kuɗinsu ne yake sayen kwanon rufi. Su zauna a kwamitin da yake kashe kuɗin.

Na shida, 'yan'uwana masu wa'azi, kafin ka hau bagade ka la'anci wata koyarwa, ka san ta. Ka rarrabe tsaba da tsakuwa, ka kira kowanne da sunansa. Matasanmu suna da waya a hannu, suna bincika abin da muka faɗa kafin a rufe sujada. In suka kama mu da ƙarya a kan abin da suke iya dubawa, yaya za su gaskata mu a kan abin da ba a gani?

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ba na kiran kowa ya ɗauki sunan feminis, sunan Almasihu da muke ɗauke da shi ya isa, in dai za mu yi abin da ya dace da shi. Ranar da gwauruwa za ta kwana a ɗakinta ba tsoro, mace ta kai kuka wurin dattawa ta dawo da taimako, 'ya mace ta gama makaranta tare da ɗan'uwanta, ranar ce za mu sami bakin yi wa duniya magana a kan iyali, ta kuma saurara.

Ubangiji ya ba dattawanmu hikima da ƙarfin hali, ya ta'azantar da gwauraye da marayu, ya komo mana da 'ya'yanmu da suke hannun masu garkuwa, ya kuma tsarkake gidajenmu. Amin.